Ranar da Amm Haruna Ya Zo Zaɓen Bindiga

Cikin duk shekarun da na yi ina goge bindigogin mutane a Jidda, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Amm Haruna ya zo zaɓen bindiga. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya kun sha ganin yadda nake ɗaure fuska idan wani ya miƙo mini bindiga a rufe, kuma na san abin da kuke faɗa a bayan idona, wai tsohon nan ya cika fitina. Na yarda ina da ita. Amma ku ji wannan labarin tukuna, sannan ku ci gaba da gulmata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabi'u, mutumin Funtuwa. Na yi aikin ɗan sanda a gida, mafi yawansa a ɗakin ajiye makamai, na bar aiki ina sufeto. Daga nan aka ɗauko ni kwantiragi zuwa wannan nadi namu na harbi da ke hanyar Abhur. Nadi shi ne kulob a bakin mutanen nan. Aikina bai wuce in kwance bindiga, in wanke ta, in shafa mata mai, in duba lafiyarta kafin ta koma ma'aji ba. Idan kuma mai saye ya zo ɗan kantin da ke gefen ƙofar shiga, ni ake kira in shimfiɗa masa kaya in yi bayani. Ni da nake kan iƙama, takardar zaman baƙi, ba ni da ikon mallakar ko kwanson harsashi, saye na 'yan ƙasa ne masu lasisi. Kullum bindiga tana hannuna amma ko ɗaya ba tawa ba ce, kuma hakan bai taɓa hana ni barci ba.

Sai na yi bayanin doka ɗaya kafin labarin ya fahimtu. Ƙaramar bindiga irin wadda muke magana a kanta tana da murfi a sama, wanda ake kamawa a ja baya. Idan mutum ya gama harbi, zai zare gidan harsashi, ya ja murfin nan har ya maƙale a baya, ya nuna wa mai kula da layi cikinta. Mai kula da layi, wanda muke ce wa kabtin, zai leƙa ya ce "fadya", wato babu komai a ciki, sannan a ajiye. Wanda ba zai iya wannan da hannunsa ba, ba ya tsayawa a layi, ko ɗan wane ne, domin harsashi yakan maƙale, kuma mutumin da ya kasa buɗe bindigarsa hatsari ne ga na kusa da shi. Akwai kuma wata dokar da ba a rubuta a bango ba, amma duk wanda ya taɓa sa kaki ya san ta: ba a miƙa wa mutum bindiga a rufe, ba a kuma ajiye ta a rufe. A buɗe ka karɓa, a buɗe za ka mayar.

Amm Haruna, wato Baffa Haruna a bakinmu, Bahaushe ne haifaffen unguwar Hindawiyya da ke nan Jidda. Iyayensa daga wajen Haɗeja suka taso aikin Hajji a ƙafa, suka zo ba su koma ba. Shi kuma ya tashi ɗan ƙasa, ya shiga soja, ya yi ritaya yana raƙib, wato saje a wurinmu. Dogo ne siriri, gemunsa fari a datse, farar rigarsa kullum a goge. Hausarsa irin ta kakata ce, sai dai kowace jimla da jelar Larabci. Ranar da muka fara haɗuwa ina zagin wani noti ne da ya ƙi kwancewa, da Hausa, don na ɗauka babu mai jina. Sai na ji an ce a bayana, "Ya waladi, me notin nan ya yi maka har ka kai ga uwarsa?" Tun daga ranar ya riƙe ni ɗa. Yakan zo mini da siriya a ƙunshin takarda, wato tsirenmu ne da shi ma ya zo Hajji ya canja suna.

Kowace Asabar da safe yakan zo, su huɗu, shi da tsofaffin abokan aikinsa. Harbin kaɗan ne, tsiyar ta fi yawa. Babban abokin tsiyarsa wani gajere ne mai tumbi, Abu Khalid, wanda kullum yake tsayawa a hagunsa, kullum kuma yana rantsuwa cewa rabin hujin da ke takardar da yake harbi na Haruna ne. Tun da matar Amm Haruna ta rasu, in ka cire masallaci, Asabar ɗin nan ita kaɗai ce take fitar da shi daga gida. Ba shi da bindigar kansa, ta nadi yake haya, kuma guda ɗaya tak yake karɓa, wata tsohuwar ƙira ta ƙarfe zalla da sojojin ƙasashe da yawa suka daɗe suna ratayawa. Irinta ya rataya a ƙugunsa yana aiki.

Wata Asabar bayan ƙaramar Sallah ya gama harbi, ya zare gidan harsashi, ya kama murfi zai ja, murfi ya ƙi. Ya sake kamawa, yatsunsa suka zame. Ina tsaye ta bayan gilashi ina gani. Kabtin Nasir, mai kula da layi, mutum ne mai ladabi. Ya matso ya sa hannu ya buɗe masa kamar wani abu yake gyarawa, har abokan ba su lura ba. Da aka tashi ya ja shi gefe. Daga baya Kabtin ya gaya mini abin da ya ce masa: Asabar mai zuwa sai ya buɗe bindiga da kansa a gabansa kafin a ba shi harsashi. In bai iya ba, sai dai ya zauna a wurin shan shayi ya yi kallo ta gilashi.

Kafin ya tafi ranar ya biyo ta wurina.

"Sufeto, bindigarku ta tsufa," ya ce. "Ta yi tauri. Tana son mai."

Maganar ta sosa ni. Bindigar nan ni na wanke ta da hannuna ran Alhamis, kuma don tsufa murfinta ya fi na kowace bindiga a nadin laushi. Har na buɗe baki, sai idona ya sauka kan hannunsa na hagu. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, babban yatsan yana ɗan rawa. Na haɗiye maganata, abin da ba halina ba ne, na ce, "To Baba, za a duba."

Ashe da ya koma gida ya maimaita maganar a gaban 'yarsa, ita kuma ta ɗauke ta da gaske. Ran Laraba da la'asar, lokacin da nadi ba kowa, aka kira ni kanti. Na tarar da shi zaune a kujera, kusa da shi wata mata a tsaye cikin abaya, za ta yi shekara arba'in da ɗoriya. Ita ce Ustaza Safiyya, 'yarsa ta fari, malamar makarantar 'yan mata. Tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta yi ta lalubo kalmomi.

"Ammu Sabi'u," ta ce, "Abuya ya ce bindiga ta nadi kharbana, ta lalace, kuma Kabtin yana so ya buɗe ta ran Asabar. Ina so in saya masa tasa. Hadiyya, kyauta. Ta asali na tambaya, kuɗinta ba zan iya ba. An ce akwai wasu kamarta."

"Akwai kwafinta," na ce. "Kala uku muke da su."

"Tayyib. Wadda ta fi kyau."

Ta riga ta yi magana da mudir, manajan nadi, ya ce in an zaɓa za a bar tsohon ya yi gwajin Asabar da ita kafin takardu su fito. Ta shirya komai, baiwar Allah, fuskarta sai walwala.

Abin da na fara lura da shi, ba sa magana da juna. Ba faɗa ba ne. 'Yar fari ce, shi kuma tsohon nan, duk da a Jidda aka yanke masa cibiya, ya riƙe kunyar ɗan fari yadda ko a Haɗeja yanzu ba a riƙe ta ba. Ba ya kiran sunanta, ba ya kallonta in zai yi magana. Sai ya dube ni ya ce, "Gaya wa malamar nan kada ta wahalar da kanta." Ita ma ta dube ni ta ce, "Ce masa babu wahala." Ga su kafaɗa da kafaɗa, amma ni ne wayar da ke tsakaninsu.

Nan na gane tsaka mai wuyar da muke ciki. Sabuwar bindiga ta fi tsohuwa tauri, kowa a sana'ar nan ya sani, shi ma ya sani. Amma ba zai iya duban 'yar da ta taso musamman don ta faranta masa ya ce ba bindigar ba ce, hannuna ne. Ni kuma ba ni da bakin da zan gaya wa dattijo haka a gaban 'yarsa. In aka tafi a haka za ta sayi kyauta, ya yi godiya, ran Asabar ya tsaya gaban Kabtin da abokansa da sabuwar bindiga a hannu ya kasa buɗe ta. Wannan nake tsoro, kuma ban san yadda zan hana ba.

Na shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur, na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko 'yar Turkiyya ce, fara mai ƙyalli, an yi mata zane a jiki, mariƙinta na jan katako. Ba zan zalunce ta ba, bindiga ce mai lafiya, kunamarta ba laifi, sai dai ni duk abin da ya cika ƙyalli ina zarginsa har sai ya wanke kansa. Na buɗe ta, na leƙa, na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya ta, ya shafa zanen da ɗan yatsa, ya ce, "Ma sha Allah." Ya mayar mini da ita yadda na ba shi. Bai rufe ta ba. Tsohon soja ya karɓi bindiga bai rufe ta ya ji kunamarta ba, kamar mai sayen mota ne ya zagaye ta ya tafi bai tada inji ba.

"Hilwa, kyakkyawa ce wallahi," in ji Ustaza. "Ammu, tambaye shi ko ta yi masa."

"Gaya mata ta yi kyau," ya ce.

"Halas. Ita za mu ɗauka."

"A'a Ustaza, sai an ga sauran," na ce. "Haka muke yi a nan." Gaskiya ba haka muke yi ba, lokaci kawai nake nema.

Ta biyu 'yar Sin ce, baƙa, mai nauyi. Ƙarfenta mai kyau ne amma aikin da kaushi, gefunanta ba a goge su sosai ba. Irin bindigar nan ce da za ta yi shekara da shekaru ba ta kai ka wurin mai gyara ba, amma murfinta ko ni sai na cije. Ya karɓa a buɗe, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya gyaɗa kai, ya mayar a buɗe.

Ta uku 'yar Filifin ce. Launin toka, ba zane, ba ƙyalli, mariƙinta baƙar roba. Ta daɗe a kantin, kowa ya zo ya ɗauka ya ja murfinta ya ajiye ya sayi mai ƙyalli, har ta fara laushi don shan hannu. Ga shi kuma ƙaramin harsashi take ci, saboda haka sifirin ɗinta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da murfi, bai kai na sauran ƙarfi ba. Ina miƙa masa ita na ga fuskarsa ta canja.

"Wannan launin ne," ya ce a hankali. "Tawa haka take. Ta gwamnati ce, ranar da na ajiye aiki na mayar musu. Na fito ƙofa ina ta taɓa ƙuguna."

Yana maganar hannunsa yana zagaye mariƙin, ya zauna daram. Ban ce da niyya ya yi ba. Babban yatsansa na dama ne ya tafi wurin da ya saba zuwa shekara da shekaru, ya danna ɗan ƙarfen da ke riƙe murfi. Sai muka ji ƙwas, bindiga ta rufe. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga ta ya saita bangon da muka ware don gwaji, ya taɓa kunama. Ya lumshe ido.

"Kunamar nan tana da gaskiya," ya ce.

Sai kuma ya buɗe ido, ya dubi abin da ke hannunsa. Na ga lokacin da ya gane abin da ya yi. Bindiga ce a rufe a hannunsa, kuma shi mutum ne da tun yana kurtu bai taɓa ajiye bindiga a rufe ba. Na yi maza na miƙa hannu.

"Kawo, Baba."

Ya dubi hannuna kamar na zage shi. "A rufe?"

Na juya wurin Ustaza na ce ko za ta leƙa wurin shayi ta ce a kawo wa Baba ruwa. Har ta juya.

"Gaya mata ta tsaya," ya ce.

Ya fara danne gudumar baya, ɗan ƙarfen da ke bugun harsashi, don ya rage wa kansa nauyi, dabarar da duk tsohon hannu ya sani. Ya goge tafinsa na hagu a jikin rigarsa, ya kama murfi ya ja, yatsu suka zame. Ya sake kamawa, murfi ya taho rabi ya koma. Ustaza ta sa hannu ta rufe bakinta. Ni kuwa na kafa idona kan koren ƙyallen, don na kasa kallonsa. Karo na uku ya matso da bindigar kusa da ƙirjinsa, bakinta yana kallon bango yadda ya kamata, ya cije, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Murfi ya tafi har ƙarshe ya maƙale. Ya leƙa cikinta, ya ajiye ta a kan ƙyalle. Na'urar sanyaya ɗaki tana aiki amma gumi ne a goshinsa.

Wallahi daɗi na ji har cikin raina. Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, ta buɗu. Wannan ce taka. Zan kwance ta in wanke, in nemo mata sifirin da ya fi wannan laushi, kafin Asabar za ka ga ta zama ruwa."

Ya koma ya zauna, ya jira numfashinsa ya dawo.

"Ya waladi, sau nawa na ja?"

"Uku, Baba."

"Babu harsashi a ciki. Babu kowa a gefena. Kuma ina ta kiran sunayen Allah a zuciyata. Ran da harsashi ya maƙale, Abu Khalid yana haguna da tumbinsa, bindiga ba za ta jira in gama addu'a ba." Ya ɗaga hannunsa na hagu ya dube shi gaba da baya. "Na koya wa kurata da yawa harbi. Duk wanda ya yi abin da na yi yanzu, fitar da shi nake yi daga layi. Ban taɓa jin tausayin ko ɗaya ba. To yau ga ni."



"Bindigarku lafiyarta ƙalau, Sufeto," ya ce. "Ka yafe mini ƙazafin da na yi mata."

Dariya ta so ta kama ni, hawaye ma haka, na tsaya a tsakani. Ustaza Safiyya kuwa nata sun riga sun zubo. Ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya, ko da yake yana ji.

"Ammu, in bai zo nan ba, ba ya fita. Wallahi ba ya fita. Yana zama a ɗakin Ummi, taga a rufe. Ran Juma'a da dare yake goge rigarsa ta Asabar, da kansa, ba ya bari a taɓa."

"Gaya mata a wurin shayi akwai kujera," ya ce.

Na san kujerar nan. Na ga tsofaffi sun koma kanta. Sukan zo sau ɗaya, sau biyu, su yi kallo ta gilashi ba sa jin tsiyar da ake yi a ciki, daga nan ba ka ƙara ganinsu. Don dai in ce wani abu, na tuna masa cewa dokar nadi ta yarda mai harbi ya shiga da mutum ɗaya, murafiƙ, wato ɗan rakiya, wanda zai tsaya a bayansa, bayan layin rawaya, da abin toshe kunne, amma ba ya taɓa bindiga.

"In zama ɗan rakiyar wa?" ya ce. "Abu Khalid? In tsaya ina kallon ƙeyarsa yana ɓarnar harsashi? La', gara ɗakin."

 Na fara tattara kaya. Sai na ga yana kallon gefe, wajen hannuwan 'yarsa da ke riƙe da jaka. Ya daɗe yana kallo.

"Sufeto, miƙa wa malamar nan ta farko."

"Baba?"

"Miƙa mata."

Ta ja da baya. "Ana? Ammu, ce masa ban taɓa riƙe bindiga ba. Ban san komai ba."

"Gaya mata ba gaskiya ba ne. Tana ƙarama, in ina goge tawa a tsakar gida, tana laɓe bayan labule tana kallo har in gama. Ta ɗauka ban gani ba."

Ta yi dariya cikin kuka, ta ajiye jakar. Daga nan aka fara zaɓen bindiga na gaskiya. Na ba ta 'yar Turkiyya, katakon mariƙin ya yi mata kauri, yatsanta da kyar yake kaiwa kunama. Na ba ta 'yar Sin, ta ɗaga, kafin a ce me bakin bindigar ya fara sunkuyawa don nauyi. Na ba ta 'yar Filifin, na nuna mata yadda ake rufewa, na ce ta gwada buɗewa. Ta kama murfin da kan yatsu kamar za ta zare allura.

"Gaya mata ba da yatsu ba, da tafi," in ji tsohon. "Gaya mata ta riƙe da hagu, ta tura da dama." Na gaya mata. Ta gwada, ya taho rabi. Ya miƙe daga kujera. "Gaya mata gwiwar hannunta... la', la', ba haka ba. Matso da ita jikinki. Yatsa waje da kunama. Aiwa. Yanzu tura, kada ki ji tsoronta."

Ban san ko ya lura ya daina bi ta kaina ba. Ni dai na lura, na ja baya na jingina da bango. Murfi ya tafi ya maƙale. Ya ce ta sake. Ta rufe, ta buɗe. Ya ce ta sake, ta sake, har sai da abin ya daina ba ta wahala.

"Amma Abuya, waccan ta fi kyau," ta ce, tana kallon mai ƙyallin.

"Kyaunta na kanti ne. Wannan ce ta zauna a hannunki."

Ran Asabar ya riga kowa zuwa. Bai jira Kabtin Nasir ya kira shi gefe ba. A gaban abokansa ya ce, "Ya Kabtin, na sauka daga layi. Hannu ya gama."  Can Abu Khalid ya share maƙogwaro ya ce alhamdu lillahi, takardarsa za ta huta. Ya faɗa yana kallon ƙasa, muryarsa ba ta fita sosai ba. Amm Haruna ya ce masa ai yanzu ne za a gane hujin na wane ne.

Ustaza ta yi rajista a nadi, ta nemi lasisi da sunanta. Kafin ya fito ta yi makonni tana zuwa bayan an tashi makaranta, Kabtin yana koya mata da bindigar nadi, tsohon yana tsaye a bayanta yana gyara wa Kabtin koyarwarsa. Da takardu suka kammala na kwance 'yar Filifin na wanke ta kamar zan kai ta gasa. Asabar ɗin da ta fara shiga da ita, tsofaffin nan uku suka matsa suka bar mata gurbin babanta, dama da Abu Khalid. Ba zan ce ta yi abin mamaki ba. Wasu sun shiga baƙi, wasu sun tafi yawo, ɗaya ma ban san inda ya nufa ba. Da ta gama ta zare gidan harsashi, ta ja murfi ya maƙale tashi ɗaya, ta karkata bindigar tana jiran Kabtin.

Kabtin Nasir ya zo ya leƙa, yadda aikinsa ya ce. Amma bai furta kalmar ba. Ya ja da baya taku ɗaya, ya dubi tsohon ya ce, "Tafaddal, bismilla, ya Amm."

Amm Haruna ya sunkuyo daga bayan layin rawaya, hannuwansa a baya. Ya leƙa cikin bindigar, ya daɗe fiye da yadda ake buƙata. Sannan ya miƙe ya ce, "Fadya," da irin muryar da na tabbata ya yi amfani da ita yana saje. Ni ina bayan gilashi, sai na ga wani noti a kan teburina yana buƙatar a duba shi da gaggawa.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, ku ma ku riƙe. Idan mai saye ya zo yana tambayar wace ce ta fi tsakanin kwafin nan, kada ku yi saurin zuba masa bayanin ƙarfe da ƙasar da aka ƙera. Dukkansu suna harbi. Ku ba shi a buɗe, ku yi shiru, ku kalli hannunsa, shi zai gaya muku abin da bakin mutumin ba zai faɗa ba. Ni ranar nan tausayi ya sa na kusa mayar da tsoho kan layi da sifirin mai laushi, shi ne ya hana ni. Na yi aiki da mutane da yawa da suka iya ɗaukar bindiga, amma wanda ya fitar da kansa daga layi tun ba a fitar da shi ba, shi kaɗai na gani. Har yau yana zuwa ran Asabar da rigarsa a goge, yana tsayawa a bayan 'yarsa, kuma tsiyar ta fi ta da yawa, don yanzu ba shi da takardar harbin da za a kama shi da ita.